Merlin da BirdNET: sun iya jin kukan tsuntsu, amma ba a garinmu suka koyi ji ba

A watan Yunin 2021 sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya ƙara wa manhajarsa ta Merlin wata sabuwar dabara. Ka ɗaga wayarka, ta saurari kukan tsuntsu, ta rubuto maka sunansa nan take. Da nau'i 458 aka fara, dukkansu na Amurka da Kanada. Akwai kuma BirdNET, wadda Cornell ɗin da Jami'ar Fasaha ta Chemnitz a Jamus suka haɗa hannu suka yi, kuma zubinta na baya-bayan nan ya ƙunshi nau'i sama da 6,000. Duka biyun kyauta ake sauke su.

To, mutumin da ke tsaye gindin darbejiya a Kano, ko bakin tabki a Nguru, ko kan dutse a Jos, ko cikin gona a Maraɗi, har ina zai yarda da abin da wayar ta faɗa masa? Amsata a taƙaice ita ce ka sauke su, ka yi aiki da su, domin abin koyo ne mai kyau ƙwarai. Amma ka ɗauki maganarsu kamar ta ɗalibi mai ƙoƙari da ya yi karatunsa a wata ƙasa, kada ka ɗauke ta kamar hukuncin alƙali. Ga dalilaina.

Yadda waya ke jin tsuntsu

Gaskiyar magana, manhajar kallon sauti take yi. Tana ɗaukar abin da makirufo ya ji ta mayar da shi zane, wanda za mu kira hoton sauti. A jikin hoton, lokaci yana tafiya daga hagu zuwa dama. Murya mai kauri tana zama ƙasa, siririya tana hawa sama, ƙarfin sautin kuma shi ne duhun zanen. Fito mai tsabta yakan fito kamar siririn zare. Kukan hankaka mai kaushi kuwa kamar an shafa gawayi a bango. Wannan dabara ta tsufa. A shekarun 1940 aka ƙera na'urarta a Amurka don nazarin maganar mutane, a shekarun 1950 kuma William Thorpe na Jami'ar Cambridge a Ingila ya fara amfani da ita wajen nazarin yadda tsuntsu ke koyon waƙa.

Sabon abin shi ne an koya wa kwamfuta gane waɗannan hotuna, kamar yadda ake koya mata gane fuskar mutum. A nuna mata dubban misalai, kowanne da sunan mai kukan, har ta kama siffar. Masu Merlin sun zauna sun zana akwati a kan kukan kowane tsuntsu a cikin rikodin awa 140, suka haɗa da awa 126 na hayaniyar da ba ta tsuntsu ba, irin su ƙarar mota da fiton mutane. BirdNET kuma tana yanka rikodi gunduwa-gunduwa na sakan uku-uku, ta duba kowace gunduwa ita kaɗai.

Bayan haka akwai mataki na biyu. Manhajar tana duba inda kake da lokacin shekara, ta tace amsarta da jerin tsuntsayen da ake tsammani a wurin. Wannan jeri daga eBird yake fitowa, wato rumbun da masu kallon tsuntsaye ke zuba abin da suka gani tun 2002.

Ka riƙe waɗannan biyun, misalan da aka koya mata da jerin da ake tace amsa da shi. Duk ƙarfinta daga nan yake, duk rauninta ma daga nan.

Inda suka cancanci yabo

Kafin zuwansu, mai son koyon kukan tsuntsayen Afirka ta Yamma yana da hanya uku. Ya sami gwani ya bi shi daji. Ko ya nemi faya-fayan CD 15 da Bafaranshen nan Claude Chappuis ya fitar a 2000, waɗanda ba kowane ɗakin karatu ke da su ba balle ɗalibi. Ko ya buɗe littafin Nik Borrow da Ron Demey na 2001, ya karanta yadda aka rubuta kukan da haruffa. Littafin yana da kyau, amma haruffa ba sa ɗaukar murya, ga shi an tsara su ne don bakin mai jin Turanci.

Kuma kunne ba abin wasa ba ne a wannan fanni. Akwai wasu ƙananan tsuntsayen ciyawa masu ruwan ƙasa, dangin Cisticola, nau'i wajen 50, kusan duka a Afirka. Ido ba ya raba da yawansu sai da wahala, amma da sun buɗe baki magana ta ƙare. Har sunayensu na Turanci daga kukan aka samo da yawa: mai fito, mai waƙa, mai kukan kwaɗo. A cikin duhun bishiya ko doguwar ciyawar damina, abin da za ka ji ya ninka abin da za ka gani.

Nan Merlin ta yi abin kirki. Duk lokacin da tsuntsun ya sake kuka, sunansa yana haskawa a fuskar wayar, don haka kunnenka yana haɗa sauti da suna a daidai lokacin. Tana kuma ba ka misalan rikodi ka kwatanta, kuma da zarar ka sauke kayanta ba ta neman intanet, ko da yake saukewar kanta tana cin data. BirdNET ta waya ta fi ta wahalar amfani, sai dai a ganina ta fi ta koyarwa. Kai ne za ka sa yatsa ka zaɓi gurbin hoton sautin da kake so a duba, wato dole ka fara saurare da kanka, sannan ta faɗa maka ko tana da ƙwarin gwiwa ko shakka take. Sauƙin Merlin yana da tsada ta wani gefen. Mutum yakan tsaya ƙarƙashin bishiya idonsa a kan waya yana jiran suna, bai ko ɗaga kai ba.

Kunnen da ya tashi a wani gari

Misalan koyarwar nan daga manyan rumbuna biyu suke fitowa: ɗakin adana sauti na Macaulay a Cornell, da xeno-canto, wanda wasu mutum biyu suka kafa a Holan a 2005. Masu sa kai ne ke cika su. Ka buɗe taswirar xeno-canto ka gani da idonka. Turai ta cika maƙil da ɗigo, yankin Sahel kuwa sai tsilli-tsilli. Wani ɗan tsuntsun lambu na Turai, Parus major, yana da rikodi dubbai shi kaɗai. Da yawa daga namu 'yan gomomi gare su, wasu ma ba su kai ba. Alhali Najeriya kaɗai tana da nau'in tsuntsaye sama da 900, Nijar kuma sama da 500.

Saboda haka idan aka ce manhaja ta san nau'i 6,000, ba sani iri ɗaya ba ne. Wani ta ji shi sau dubu, da safe da yamma, kusa da nesa, cikin ruwa da iska. Wani kuwa sau ashirin, daga ƙasa ɗaya. A jerin sunaye kuma dukkansu layi ɗaya suke zaune, babu alamar da ta bambanta su.

Ko rikodin da ake da shi ma, daga ina yake? Tsuntsaye suna da karin harshe. Rukuni uku ne aka tabbatar suna koyon kuka ta hanyar saurare: tsuntsaye mawaƙa irin su kanari, dangin aku, da wasu ƙananan masu shan ruwan fure na nahiyar Amurka. Abin da ake koya kuwa yana canzawa daga wuri zuwa wuri. Tun farkon shekarun 1960 Peter Marler ya nuna cewa wani tsuntsu a kewayen San Francisco yana da waƙa daban-daban daga wannan yanki zuwa wancan. Kenan rikodin da aka ɗauka a Kenya ko Afirka ta Kudu ba lallai ya yi daidai da na nau'in guda a Katsina ba. Kamar wanda ya koyi Hausarsa a Kano ne aka sauke shi a ƙauyen Sakkwato. Zai ji da yawa, zai kuma yi kuskure yana ganin ya ji. Kurciya da danginta ba su cika samun wannan matsala ba, domin su da kukansu ake ƙyanƙyashe su.

Abin dariyar shi ne baƙo ya fi ɗan gida shiga. Da hunturu, tsuntsaye daga Turai suna ƙetare Sahara su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru. Su ne manhajar ta fi sani. Sai dai su ma a nan ba su cika rera cikakkiyar waƙar da suke yi a lokacin kiwo a Turai ba, gajeren kira suka fi yi, kuma gajeren kira ya fi wuyar rabewa.

Masu gina waɗannan manhajoji sun san da giɓin. Gasar BirdCLEF ta masu ƙirƙirarriyar basira a 2023 a kan tsuntsayen Kenya aka yi ta, nau'i 264. Mataki ne mai kyau, amma Kenya ba Sahel ba ce.

Janareta, gyare da kurciya

Yawancin waƙoƙin tsuntsaye suna tsakanin girgiza 1,000 zuwa 8,000 a sakan ɗaya. Amma tsuntsayen da muka fi ji a gari, irin su kurciya, hazbiya, mujiya da ragon maza mai kuka kamar ana tsiyayar ruwa daga gora, ƙasa da 1,000 muryarsu take. A wannan gurbin ne kuma janareta, injin markaɗe da adaidaita sahu suke zuba ƙararsu. A hoton sauti, ƙasan takan yi baƙi ƙirin, kurciyar ta nutse a ciki. Ƙari a kan haka, makirufon waya don maganar mutum aka yi shi, kuma wasu wayoyin suna share abin da suka ɗauka hayaniya ce.

Ta sama ma ba a tsira ba. Da damina gyare da sauran ƙwari suna cika saman hoton, kwaɗi suna cika tsakiya. Hayaniyar da aka koya wa manhaja ta yi watsi da ita, ita ma hayaniyar wani wuri ce. Kunnenka kuwa ya saba. Kana iya jin kurciya ta bayan janareta ba tare da ka san ma ka yi wani aiki ba.

Lambar da ke ruɗar mutane

Wannan sashe ya fi shafar ɗalibai da masu bincike. BirdNET ta kwamfuta tana ba kowace amsa maki daga 0 zuwa 1. Mutane da yawa suna karanta 0.9 a matsayin tabbaci kashi 90 cikin 100. Ba haka ba ne, kuma masu manhajar da kansu sun faɗa. Makin yana nuna yadda hoton ya yi kama da abin da ta koya ne kawai. Makin 0.9 na wannan nau'i ba daidai yake da 0.9 na wancan ba, kuma yana canzawa da wuri da na'urar ɗauka. Hanya ɗaya ce ta sanin darajarsa, mutum ya zauna ya saurari samfuri na kowane nau'i ya ƙirga nawa ne daidai.

Bari mu yi lissafi. Awa ɗaya ta ƙunshi gunduwa 1,200 na sakan uku. Idan ka rataye na'ura a bishiya tana ɗauka dare da rana har kwana 30, ka tara gunduwa 864,000. A ce sau ɗaya tak take kuskure a cikin dubu, ka ga kana da amsar ƙarya 864. A cikinsu ba za a rasa tsuntsun da bai taɓa taka ƙasar ba. Duk rahoton da ya kawo jerin tsuntsaye daga manhaja bai faɗi nawa aka tantance da kunne ba, ka sa masa alamar tambaya.

Akwai kuma wani zagaye mai haɗari. Manhaja tana tace amsa da bayanan eBird. Masu amfani da manhajar suna zuba abin da ta faɗa musu a eBird. Idan ba a tantance ba, kuskuren yau ya zama hujjar gobe. Cornell ma tana gargaɗin kada a tura abin da mutum bai tabbatar da kansa ba. A Ingila kuskure ɗaya zai nutse cikin dubban rahotannin gaskiya. A wani yanki na Yobe ko Diffa, yana iya zama shi kaɗai ne rahoton da ke akwai. Tun 2015 masu sa kai suke ta zagaya Najeriya suna haɗa taswirar tsuntsayen ƙasar ƙarƙashin cibiyar APLORI da ke Jos, kuma irin waɗannan taswirori ne ake dubawa idan za a ce wane daji ko fadama ya cancanci kariya. Sunan ƙarya a irin wannan rumbu ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Tsuntsun da ke kukan gidan wasu

Hausawa suna cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akwai wasu 'yan baƙaƙen tsuntsaye, dangin Vidua, da suka ɗauki karin maganar nan ta wata fuska. Macensu ba ta yin sheƙa. A sheƙar wasu take saka ƙwai, musamman dangin 'yar jar tsuntsuwar nan da ke shigowa tsakar gida tana tsintar tsaba, wadda wasu ke kira baiwar Allah. Ɗan yana tashi a gidan riƙo ya koyi waƙar masu riƙonsa. Idan namiji ne, ita zai riƙa sakawa cikin waƙarsa. Idan mace ce, namijin da ke irin wannan waƙa za ta zaɓa, kuma a sheƙar irin masu riƙonta za ta saka nata ƙwan. Nau'o'insu sun yi kama sosai a ido, har masana ma da waƙar da suke kwaikwayo suke raba su.

Ɗaya daga cikinsu, Vidua maryae, a tsaunukan Jos yake. Robert Payne na Jami'ar Michigan ya lura cewa waƙar da yake kwaikwayo ba ta yi daidai da ta masu riƙon da aka sani ba. Bin wannan sawu ne ya kai ga bayyana wani sabon nau'i ga kimiyya a 1998, Lagonosticta sanguinodorsalis, mai zama cikin duwatsu. Ana ganin su duka biyun a dajin Amurum kusa da Jos.

Yanzu ka tambayi kanka, da manhaja aka ba wannan rikodi, me za ta ce? Hanya biyu gare ta. Ta zaɓi mafi kusa a cikin jerin da ta sani, ko ta yi shiru. Ba ta da bakin cewa wannan kukan baƙo ne, a je a bincika. Wannan shi ne babban rauninta a wurina, domin ganowa daga nan take farawa, daga abin da bai dace da jerin ba. Sannan idan mai kwaikwayo yana rera waƙar mai riƙonsa, sakan uku ba su isa a san wanda ke kan reshen ba. Kuma masu kwaikwayo ba su kaɗai ba ne. Akwai Cossypha niveicapilla a kurmin bakin rafukanmu, mai ɗauko kukan maƙwabta yana jerawa. A 1979 Françoise Dowsett-Lemaire ta ƙirga kukan nau'i 212 a bakin wani tsuntsun fadama na Turai mai zuwa Afirka, 113 daga ciki na Afirka ne.

Mace ma tana waƙa

An daɗe ana koyar da cewa namiji ne ke waƙa, domin a Turai da arewacin Amurka aka yi yawancin binciken farko. Wani nazari da Karan Odom da abokan aikinta suka fitar a 2014 ya sami mace mai waƙa a kashi 71 cikin 100 na nau'o'in da suka duba, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu. Akwai tsuntsu mai jan ciki da ɗorawar kai da ke ɓuya cikin sarƙaƙiya, Laniarius barbarus. Namiji ya yi fito, mace ta amsa da wani kaushin sauti a take, har ka rantse baki ɗaya ne. Rumbunan sauti kuwa da muryar maza suka fi cika. Abin da ba a ɗauka ba, ba a koya wa manhaja ba.

Suna da amana

Sunan da zai fito maka na Turanci ne ko Faransanci, sai na kimiyya. Idan ka kai wa dattijon maharbi ko manomi, ba ku da wurin haɗuwa, alhali shi ya fi wayar sanin yautai, fakara da cilakowa, da lokacin da kowanne ke kuka. Sunayenmu ma ba ɗaya bisa ɗaya suke da na kimiyya ba. Kalmar kurciya ta rufe nau'i da dama, wani sunan kuma yana canzawa daga gari zuwa gari. Haɗa sunan Hausa da rikodi da sunan kimiyya aiki ne da ba wanda zai zo daga Cornell ya yi mana.

Sai batun amana. Rikodin da ke cikin manhaja don kunnenka aka sa shi. Idan ka kunna shi da ƙarfi a daji, namijin da ke wurin yana ɗauka kishiya ce ta shigo, ya bar ci da gadin sheƙa ya zo faɗa. Masu kama kanari sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke kafa tarko da wani kanarin a keji. Saboda irin haka ne xeno-canto ta hana sauke kukan wasu tsuntsayen da masu kamawa suka kusa ƙararwa, musamman a Asiya.

To, me za ka yi?

Ka fara duba jerin nau'o'in da manhajar ta ce tana ganewa a yankinka, don ka san inda shirunta ke nufin ba ta sani ba. Idan ta ba ka suna, ka saurari misalanta, ka nemi tsuntsun da ido. Idan sunan na tsuntsun da ba a saba gani ba ne, ka ajiye rikodin ka nuna wa wanda ya sani kafin ka tura ko'ina.

Sannan ka ɗauka da kanka. Bayan sallar asuba ne lokacin, musamman farkon damina. Ka matsa kusa gwargwadon yadda ba za ka kore shi ba, ka juya wa ƙarar inji baya, ka tsaya cik, ka ba shi rabin minti ko fiye. A ƙarshe ka faɗi wuri, rana, ko ka ga tsuntsun, da sunan da mutanen wurin ke kiransa. Kada ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, domin yana matse sauti ya zubar da wani sashe. Wanda ka tabbatar, ka ɗora a xeno-canto ko eBird. Rikodi ɗaya mai kyau daga Gumel ko Tawa ya fi ƙara wa rumbun amfani a kan na dubu da ɗaya daga Jamus.

Idan kana neman wurin farawa, fara da kurciyoyin unguwarku. Akwai mai taushin murya kamar tana 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Akwai mai maimaita gajeren kuka da sauri, ba ta gajiya ko da tsakar rana. Akwai mai gurnani tana jan sautin a maƙogwaro, wadda ta fi son kusa da ruwa. Ka ba su mako guda kana raba su da kunne wayarka tana aljihu, sannan ka fito da ita ka ji abin da za ta ce.